Kabewa, Albasa da Gasasshen Burodi: Ina Gurbinsu a Kakar Batsari da Safana?

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙasar Batsari da Safana, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, hankalin kowane magidanci yana kan dammunan gero da dawa, da buhunan wake da gyaɗa, da rogon da aka san Batsari da shi har kasuwannin birnin Katsina. A lokacin ne kabewa ma take shigowa gida, sai dai ba a cika sa ta cikin lissafin amfanin shekara ba. Ana tsinko ta a gefen gona, ko kan juji, ko bisa rufin ɗakin da ta yi wa yaɗo, a jibge ta a lungu, a jira ranar suna ko biki ko Sallah da za a yi miyar taushe. Wadda ta wuce buƙata, ko dai a kai ta kasuwa a sayar yanka-yanka da araha, ko ta ruɓe inda aka ajiye ta.

A Turai da Amurka kuwa, kaka ita ce lokacin da kabewa ke cin kasuwarta. Cikin abubuwan da suke yi da ita akwai wani ɗan haɗi mai sauƙi: a gasa kabewa, a soya albasa a hankali har ta yi ja, a ɗora su bisa yankan burodin da aka gasa, a miƙa wa baƙo kafin a kawo abinci. Shin wannan haɗi yana da gurbi a gidajenmu? Ni dai na ce yana da shi, matuƙar an gane cewa kayan nan uku ba matsayinsu ɗaya ba a wannan yanki. Na farko namu ne, ga yawa ga araha. Na biyu yana da lokacinsa, kuma lokacin bai zo daidai da kaka ba. Na uku kuwa da kuɗin waje ake sayo tushensa. Duk wanda ya san haka zai gina haɗin a kan kabewa, ya bar sauran biyun su yi mata rakiya.

Inda haɗin ya samo asali

Italiyawa ne suka yi suna wajen ɗora abu bisa gasasshen burodi. Suna da wanda suke kira bruschetta, yankan burodi mai kauri da ake gasawa kan garwashi, a goga masa tafarnuwa, a zuba man zaitun da gishiri. Suna kuma da crostini, ƙananan yanka masu garas-garas da ake ɗora wa duk abin da lokaci ya kawo. Asalinsa abincin manoma ne, dabarar da ake yi don kada burodin jiya ya tafi a banza. Lokacin zafi a ɗora tumatir, da kaka a ɗora kabewa ko wake. Daga baya ne gidajen sayar da abinci na birane suka ɗauke shi, suka mai da shi abin da ake fara taɓawa kafin babban abinci.

Mu ba mu saba jera abinci hawa-hawa ba. Idan tuwo ya zo, ya zo ke nan. Amma muna da gurabe guda uku da irin wannan haɗi ke iya shiga ba tare da an tilasta shi ba. Akwai buɗa-baki a watan azumi, inda ake fara taɓa ƙosai da kunu da dankali kafin a tashi salla. Akwai abin da uwargida ke tarbar baƙo da shi kafin girki ya sauka. Akwai kuma teburin mai shayi, inda burodi ya daɗe da zama ɗan gida, ana cin sa da bota, ko soyayyen ƙwai, ko a tsaga shi a cusa ƙosai.

Ko ɗora kayan haɗi bisa abin fulawa ma ba baƙon abu ba ne. Wanda ya taɓa cin bandashe a Kano ya ga yadda ake yayyafa wa gurasa ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Dabarar muna da ita tuntuni. Abin da ba mu gwada ba shi ne mu ba kabewa wannan matsayi.

Kabewa: baƙuwar da ta zama 'yar gida

Duman da ake yin ƙwarya da ludayi da shi daɗaɗɗen ɗan Afirka ne, amma 'yar'uwarsa kabewa daga nahiyar Amurka ta fito. Masu binciken kayan tarihi sun tono 'ya'yanta a wani kogo a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, suka ƙiyasta shekarunsu sun kai wajen 10,000, wato tana cikin tsirran farko da aka fara nomawa a can, tun kafin masara. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ne jiragen ruwan Turawan Fotugal da Sifen suka bazu da ita a duniya, tare da masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir. Idan aka duba tukunyar miyar taushe da kyau, kabewar da gyaɗar da tattasan da tumatirin duk daga can suka taso. Yau babu wanda zai ce taushe ba miyar Hausawa ba ce. Saboda haka cewa wani haɗi daga waje ya zo ba hujjar ƙin sa ba ce. Abin dubawa shi ne ko ya dace da gonarmu da aljihunmu da harshenmu.

Kabewa ta dace da duka ukun, shi ya sa ta zauna. Har cikin bukukuwan kaka na gargajiya ta samu wuri: ban da kalankuwa, ana ba da labarin bikin shan kabewa na 'yan bori, wanda sai sun yi shi suke fara cin sabuwar kabewa. Musulunci ya kawar da galibin irin waɗannan al'adu, amma labarin ya nuna cewa mutanen da sun ɗauki nunar kabewa a matsayin alamar shigowar kaka.

Nomanta ba shi da wahala. Ana shuka ta da faɗuwar damina, ƙwaya biyu ko uku a rami ɗaya, a wurin da taki ya kwanta sosai, shi ya sa take son juji da tsohon makwancin dabbobi. Cikin wata uku zuwa huɗu ta nuna. Faffaɗan ganyenta yana rufe ƙasa, ya hana ciyawa tashi, ya riƙe laima. Mutanen Amurka na asali sun daɗe suna haɗa ta da masara da wake a gona ɗaya saboda wannan amfani, kamar yadda manominmu ke haɗa gero da dawa da wake, ya bar wa kabewa gefe. Abu ɗaya da ya kamata a kula da shi: furenta iri biyu ne, namiji da mace, kuma sai ƙudan zuma da danginsa sun kai garin namijin ga macen sannan ta yi ɗa. Furen da sassafe yake buɗewa. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari a wannan lokaci, ya kori masu yi masa aiki, sai ya ga yaɗo ya cika wuri amma 'ya'ya suna zubewa tun suna ƙanana.

Babbar baiwarta ita ce jimiri. Tumatir kwanaki kaɗan yake yi ya lalace, alayyafo ko kwana biyu ba ya yi, amma kabewar da ta ƙosa tana yin watanni. Sharaɗin shi ne a bar ta ta nuna sosai har ɓawonta ya yi taurin da farce ba ya huda shi, a yanke ta da ɗan guntun hannunta, kada a fizge, kada a jefar da ita ta ƙuje. A bar ta ta sha iska da hantsi na 'yan kwanaki, sannan a jera ta a inuwa, bisa katako ko kara, ba a ƙasa mai laima ba, kuma kada a tara wata kan wata. Wadda aka yi wa haka tana ƙara zaƙi a makonnin farko na ajiya. Wadda aka yanka ta yi saura kuma, ana iya yin ta siri-siri a shanya, ta jira miya.

Albasa da nata lokacin

A nan ne lissafin Bature ya sha bamban da namu. A ƙasashen sanyi, ƙarshen zafi da farkon kaka ake cire albasa, sai ta haɗu da kabewa a kasuwa duk suna sababbi. A ƙasar Hausa kuwa albasa 'yar rani ce. Ana yayyafa iri a bedi wajen ƙarshen damina, a dasa da shigowar sanyin hunturu, a yi ta ban-ruwa, a cire daga Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin ne motoci ke fitowa shaƙe da buhuna daga Aliero a jihar Kebbi, da fadamun Goronyo da Wurno a Sakkwato, da ƙasar Kano, da kuma Galmi a jihar Tawa ta Nijar, garin da jar albasarsa ta yi suna a duk Afirka ta Yamma. Akwai albasar damina, amma ruwa ya yi mata yawa, ba ta jure ajiya.

Sakamakon haka, watannin Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kabewa ta fi yawa, su ne lokacin da albasa ta fi tsada, domin ta ajiya ta kusa ƙarewa, da yawa ta ruɓe ko ta tsira a rumbu, sabuwa kuma ba ta iso ba. Masu cefane ba su manta da ƙarshen shekarar 2020 ba, lokacin da tsadar albasa ta zama abin magana a faɗin Nijeriya. Mai sayen 'yar ƙwaya biyu a kasuwar Batsari ranar Alhamis ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

Akwai mafita biyu. Ta farko, a yi amfani da abin da kaka ke da shi. Lawashi yana samuwa, ɗanyensa yana ba da ƙamshin albasa da ɗan kaifi, ga kuma gabu, busasshen ganyen albasa da iyayenmu mata suka daɗe suna ajiyewa don irin wannan lokaci. Albasa ɗaya da aka soya da haƙuri, aka ƙara mata lawashi, ta ishi faranti guda. Ta biyu, a bar kabewa ta jira albasa. Tunda tana iya kaiwa Fabrairu idan an adana ta da kyau, za ta riski sabuwar albasa mai araha. A 'yan shekarun nan ma lokacin ya zo daidai da azumi: a 2025 an ɗauki azumi a farkon Maris, a 2026 kuma cikin Fabrairu. Da yake watan yana matsowa da kwana goma zuwa goma sha ɗaya kowace shekara, wajen 2035 zai faɗo tsakiyar kaka. Ke nan daga yanzu har zuwa lokacin, buɗa-baki zai riƙa samun kabewa a ɗaki.

Burodi: mai sauƙin samu, mai nauyin kuɗi

Babu garin da ba a sayar da burodi a yankin nan, daga Batsari da Ruma da Wagini zuwa Safana da Runka da Zakka. Amma fulawar da ake yin sa da ita ba daga gonakinmu take ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje ake shigo da ita. Ana noman alkama da rani a wurare irin su Kadawa a Kano da kwarin Haɗeja a Jigawa, kuma tun da daɗewa muna yin alkaki da funkaso da ita, amma abin da ake samu bai kusa isar gidajen burodi ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don a noma ta gida, aka janye hanin a 1992 ba tare da an cimma buri ba. Gwamnatin Obasanjo ta nemi a riƙa sa kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa, Akinwumi Adesina ya sake ɗaga maganar lokacin da yake ministan noma daga 2011 zuwa 2015. Da shirin ya kama ƙasa, da manoman rogon Batsari suna cikin waɗanda za su ci moriya, tunda babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya. Bai kama ba.

Don haka duk abin da ya motsa a duniya sai ya taɓa burodin mai shayi. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya ɗaga kuɗin alkama. Cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin darajar Naira da ya biyo baya suka ƙara wa fulawa da sukari da sufuri tsada. Burodi ya ƙanƙance, kuɗinsa ya hau. Magidancin da ya cika rumbu da gero, idan ya sayar da tiya don ya sayi burodi, ya yi musayar abin da ya noma da abin da aka auna da Dala.

Wannan bai sa a ce a daina cin burodi ba. Abin da ya nuna shi ne a yi amfani da shi yadda Italiyawa suka faro: wanda ya kwana, wanda yara suka fara ƙi, wanda mai kanti zai rage wa kuɗi. Gashi yana dawo masa da daraja. Sai dai a bambance burodin da ya bushe da wanda ya yi fumfuna. Na biyun ba ya gyaruwa da wuta, a zubar da shi. Haka kuma a sayi na gidan burodin da aka sani. Tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar hukumar NAFDAC ake yaƙi da wani sinadari mai suna bromate da wasu ke sawa don burodi ya kumbura, saboda illarsa ga ƙoda da haɗarin cutar daji.

Yadda ake haɗawa a murhun gida

Ba a buƙatar tanderun zamani. Kasko da garwashi sun isa. Don faranti na mutum biyar ko shida, a nemi kabewa kamar rabin kilo, mai jan ciki da tauri, ba mai ruwa-ruwa ba, albasa biyu matsakaita, ko ɗaya da damin lawashi, man gyaɗa cokali huɗu, tafarnuwa ƙwaya biyu, gishiri, yajin ƙuli-ƙuli, lemun tsami ɗaya ko ɗan jiƙon tsamiya mai kauri, sai burodin jiya.

A fara da albasa, don ita ce mai cin lokaci. A yanka ta siri-siri da wuƙa mai kaifi, domin dakusasshiyar wuƙa murƙushe ta take yi, ta ƙara fito da abin da ke sa hawaye. A zuba rabin man a kasko, a sa albasar da ɗan gishiri, a rage wuta sosai. Ana juyawa jefi-jefi na minti 20 zuwa 30. Da farko za ta saki ruwa ta yi laushi, sannan ruwan ya ƙone, sukarin da ke cikinta ya fara yin ja, kaifinta ya koma zaƙi. Idan ta nemi kamawa, a yayyafa ruwa cokali ɗaya. Wutar gaggawa ƙona ta take yi, bakin ya yi baƙi, ciki ɗanye, ga ɗaci.

Kabewa kuma a fere ta, a cire 'ya'yan a ajiye gefe, a yanka ta ƙanana daidai gaɓar yatsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne dafa ta cikin ruwa kamar za a yi taushe. Kabewa da kanta kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Idan aka ƙara mata wani, sai ta zama salam, ta jiƙa burodin ya narke. A shafe ta da sauran man da gishiri, a baza ta a kasko mai faɗi ba tare da cunkoso ba, a rufe na minti biyar ta turaru da ruwan jikinta, sannan a buɗe a bar gefenta ya yi ja. Wanda ke da wayar gashi irin ta mai tsire zai iya yanka ta fala-fala ya gasa bisa garwashi, ƙamshin hayaƙin ma ƙari ne. Idan ta yi laushi, a daddanne rabi da cokali, a bar rabi gutsi-gutsi, a juye albasar a ciki.

A nan sai a lura da wani abu. Burodin Italiyawa ba shi da sukari, ga tauri. Namu mai laushi ne, mai zaƙi. Kabewa zaƙi, soyayyar albasa zaƙi, burodi zaƙi: idan aka tsaya nan, loma biyu za a yi ya gundiri mutum. Dole a nemo abin da zai karya zaƙin. Miyar taushe ta riga ta koya mana amsar, domin abin da yakuwa ke yi a cikinta ke nan. A matsa lemun tsami ko a zuba tsamiya bayan an sauke, a ɗanɗana, a ƙara gishiri idan da buƙata. Mai son ɗanɗanon gargajiya sosai zai iya marmasa 'yar daddawa kaɗan cikin albasar tun tana kan wuta.

Burodin a yanka shi da kaurin yatsa, don siriri ba ya ɗaukar kaya. A gasa shi a busasshen kasko ko kan waya, wuta kaɗan, domin sukarinsa yana saurin ƙonewa. Da ya yi ja gaba da baya, a goga masa tafarnuwa tun da zafinsa. A ɗora haɗin, a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, a watsa ɗanyen lawashi. 'Ya'yan kabewar da aka ajiye, a wanke, a soya su da gishiri ba mai, a ɓare a watsa a kai ko a ba yara. Idan akwai man shanu, ɗan kaɗan a madadin rabin man gyaɗar yana canja ƙamshin gaba ɗaya. Cokalin kindirmo mai kauri a sama kuma yana yin aikin cukun da Turawa ke sawa. A ɗora a ci nan take. Haɗin ba ya son kwana a inda babu firji, saboda haka a yi daidai ci.

Idan babu burodi, haɗin bai mutu ba. Yana hawa gurasa. Yana hawa wainar da ta kwana aka ɗumama a tanda. Yana hawa dafaffen rogo ko dankalin Hausa da aka yanka fala-fala aka gasa. A ƙasar Batsari, inda rogo yake a ƙofar gida, wannan na ƙarshe ya fi kowanne araha, kuma duk abin da ke farantin daga gonar yankin ya fito.

Abin da ya sa maganar ta wuce marmari

Jan da ke cikin kabewa alama ce ta wani sinadari da jiki ke mayarwa bitamin A. Ƙarancin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, yana raunana garkuwar jikin yaro, yana sa ƙyanda da gudawa su fi yi masa illa. Saboda muhimmancinsa ne tun 2002 Nijeriya ta wajabta a riƙa ƙara shi cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani. Sinadarin da ke cikin kabewa ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka kabewar da aka soya da man gyaɗa ta fi wadda aka dafa ziryan amfani. Ita kaɗai ba ta gina jiki, ba ta kuma riƙe ciki, amma ƙuli-ƙuli da 'ya'yanta da aka soya suna cike wannan giɓi. Sai dai a tabbatar gyaɗar da aka yi ƙulin da ita ba mai fumfuna ba ce.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jihar da tamowa ke kashe yara. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, wadda ke aiki a Katsina tun 2021, ta bayyana cewa yara fiye da 600 sun rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon 2025. Babu mai hankalin da zai ce faranti ɗaya na kabewa zai magance wannan. Yaron da tamowa ta kama, asibiti za a kai shi. Amma rigakafi a tukunyar gida yake farawa, kuma abin takaici ne a ce abinci mai wannan amfani yana jibge a lungu yana jiran ranar biki, alhali yaran gidan suna karyawa da ruwan shayi da busasshen burodi.

Ga kuma halin tsaro. Dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana da Batsari da Ɗanmusa har ya dangana da Zamfara, ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa, wasu sun bar ƙauyukan ɗungurungum, tallan nono da man shanu da ke haɗa matan Fulani da matan gari ya ja baya. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankin, har da Batsari da Safana, kuma kowa fatansa Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Amma shekarun nan sun koyar da darajar abin da ake iya nomawa kusa da gida. Kabewa ba ta buƙatar a shiga daji. Rami biyu a bayan ɗaki, da takin awaki, da darni ko rufin da za ta hau, sun isa su ba gida kabewar da za a ci har rani. Mace mai kulle tana iya yi, tsoho yana iya yi, ɗan gudun hijirar da aka ba aron kango a cikin gari ma yana iya yi.

Abin yi

Aiki na farko na uwargida ne: ta fitar da kabewa daga jerin kayan biki, ta sa ta cikin girkin mako, ta gwada wannan haɗi da burodin da ya kwana, ko rogo, ko waina. Na biyu na manomi ne: ya ware irin kabewa mai jan ciki da tauri ya adana 'ya'yanta, ya yanke ta da hannunta, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya daina sayar da ita duka a makon da kowa ke sayarwa. Na uku na mai shayi da mai ƙosai ne, waɗanda a hannunsu sabon ɗanɗano ke yaɗuwa a gari: kwano ɗaya na soyayyar kabewa da albasa kusa da kiret ɗin ƙwai zai ba wanda kuɗinsa bai kai na ƙwai ba abin sawa a burodi. Na huɗu na ma'aikatan lafiya da malaman gona ne, su riƙa ambaton kabewa da sunanta ranar awo da ranar rigakafi, su nuna yadda ake dafa ta da mai.

Farashin alkama ba a Batsari ake yanke shi ba, lokacin albasa kuma ba a Safana ake tsara shi ba. Amma yawan kabewar da za a shuka da daminar bana, da yadda za a adana ta, da sau nawa za ta shiga cikin yara a mako, duk a hannun mutanen gida suke.